Zafin da ke cikin ɗakunanmu a Zariya daga rufi yake saukowa

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili a jaridar nan tamu in yi magana kan zafin da ake fama da shi a cikin gidaje, don yanzu duk inda ka zauna, majalisar bakin titi ce ko teburin mai shayi, hirar ɗaya ce, zafi, ba wuta, ba barci. Ni kafinta ne, rufin gida nake yi a Zariya da kewaye, cikin birni, Tudun Wada, Sabon Gari, Samaru har su Dakace da Shika, to maganar da zan yi ta abin da hannuna ke taɓawa ce kullum. Rana dai ta Allah ce ba mu da iko da ita, amma zafin da ke hana yaro barci ƙarfe ɗayan dare a cikin ɗaki, wallahi kaso mai yawa mu muka gina shi da kuɗinmu.

Kowa ya sani da zarar hunturu ya ɗaga, daga Maris zuwa farkon Mayu kafin ruwa ya zauna, zafin garin nan yakan kai maki 38 har 40 a ma'aunin Celsius da rana. Abin da ba kowa ke lura ba shi ne a wajen tsakiyar Afrilu zuwa 20 ga wata rana ta tsakiyar kanmu take bi, in ka tsaya da azahar inuwarka a ƙarƙashin ƙafarka take, ke nan ba bango ke shan dukan ba a wannan lokacin, rufi ne. Kwano mai duhu in rana ta buɗe mishi yakan kai maki 60 zuwa 70, mu da ke hawa mun sani, bayan ƙarfe sha ɗaya ba ka iya dafa shi da tafin hannu, guduma ma in ka ajiye a kai sai ka sa tsumma kafin ka ɗauka. Wannan zafin ba sama yake komawa duka ba, yana sauka cikin silin ya taru a wurin, in ba shi da hanyar fita sai ya dinga tsiyayowa ɗaki a hankali har tsakar dare. Duk wanda ya taɓa leƙa kansa cikin silin da la'asar a watan Afrilu ya san abin da nake faɗa, kamar ka tura kai cikin tanderun gidan burodi ne. Na ga yaron aiki ƙato majiyi ƙarfi ya shiga gyaran katako ɗaya tal, da ƙyar muka janyo shi jiri ya ɗebe shi, rigarsa sharkaf, sai da aka zuba mishi ruwa ya dawo hayyacinsa. To a ƙarƙashin wannan wurin ne iyali ke kwana.

Kuma fa yayin da ake yi yanzu ƙara abin yake. Kowa baƙin kwano yake so ko ruwan toka mai duhu ko ja mai duhu, wai shi ne na masu kuɗi. Ka ce wa mai gida Alhaji a sa mai haske, fari ko ruwan madara, sai ya ce maka a'a gidan wane baƙi aka sa. Sannan ga salon ɓoye kwano, a ɗaga bango ya zagaye rufin gaba ɗaya, ba baki ba inuwa, rana ta daki bangon tun daga sama har ƙasa, iska kuma ba ta da inda za ta shiga ƙarƙashin kwanon. A da in za a yi rufi ana barin ƙofofin iska a bangon da ke tashi gefe da gefe, a sa bulo mai huji ko 'yar raga, a kuma bar ɗan fili a silin ɗin bakin rufi ta waje, iska ta shiga ta nan ta fita ta can ta tafi da zafin. Yanzu an toshe duka, wai don ɓera da jemage da ƙura, alhali ragar waya ta 'yan kuɗi kaɗan ta isa ta hana su. Ga ɗakunan an rage musu tsawo don a rage bulo layi biyu, mutum ya ɗaga hannu ya taɓa silin, fanka ma in an ɗaura zafin silin ɗin take kwasowa ta watsa maka a ka.

Sai taga. Wannan tagar gilashi ta turawa da ta cika gari, rabi kawai take buɗewa komai girmanta, ka biya kuɗin taga guda ka samu iskar rabi. Luba ta da da ake rainawa duk faɗinta iska ke shiga. Sannan gidajen haya da ake yi ciki da falo a jere, baya da baya, taga ɗaya a gaba kusa da ƙofa shi ke nan, iska in ba ta da mafita ai ba ta shigowa tun farko. Wani gidan ma tagar bangon maƙwabci take kallo tazarar da ba ta kai kamu biyu ba. Tsakar gida kuma an malale da siminti ko intalok ko tayil, bishiyar da aka tarar a filin ita aka fara sarewa ranar da aka zo fitar da harsashi. Simintin nan wuni yake yana shan rana, da dare ya amayo ta, shi ya sa za ka fito tsakar gida ƙarfe goma na dare ka taka ƙasa ka ji ta da ɗumi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne a Zariya muke. Garin Babban Gwani ne fa, Malam Mika'ilu da ake kira Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na birni zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, shekarun 1830 zuwa 1840, da tubali da azara da bakan gizo, ginin da har yau masu karatun zanen gine-gine ke zuwa kallo daga ƙasashen waje, unguwa guda ma sunansa take amsawa. Waɗancan magina ba su da lantarki amma sun san zafi. Bangon tubali mai kauri, wani ya haura rabin mita, zafin rana sai ya yi awanni bai ratsa shi ba, soro a yi mishi ɗaurin guga ya tashi sama zafi ya samu wurin taruwa nesa da kan mutum, rufin ƙasa a kan azara, a shafe da laso ko makuba, 'yan tagogi ƙanana can sama. Ka shiga tsohon zaure a cikin birni da azahar daga rana, tun kafin ka zauna jikinka zai faɗa maka. Ga tsakar gida ƙasa ce, ga durumi ko ceɗiya a ƙofar gida, ga rimayen da garin nan ya yi suna da su har unguwanni suka ci sunansu, Rimin Tsiwa, Rimin Doko.

Ban ce kowa ya rushe gidansa ya koma ginin ƙasa ba, kar a fahimce ni baibai. Ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, in aka yi sakaci damina ɗaya ta kawo shi ƙasa kuma mun sha ganin asarar rai a haka, azara ta yi wuya don giginyar ta yi ƙaranci, sannan shi ma soron da dare yakan riƙe ɗumi, abin da ya sa mutanen da suke shimfiɗa tabarma a tsakar gida su kwana. Yau kuma tsoron ɓarayi da halin da ake ciki ya hana da yawa kwanan waje, an ɗaga katanga an kulle taga. Duk na yarda. Amma ilimin da ke cikin ginin nan, wato a tare rana tun kafin ta shigo, a ba zafi hanyar fita ta sama, a bar ƙasa da bishiya su yi aikinsu, ai wannan bai tsufa ba, kuma yana yiwuwa da bulo da kwano. Je ka tsofaffin kwatas ɗin reluwe a Sabon Gari ko gidajen ma'aikata na cikin jami'a a Samaru ka gani, kwano ne su ma, amma ɗaki da tsawo, baranda ta kare bango, bakin rufi ya fito sosai, taga tana kallon taga, bishiyoyi sun rufe. Duk mai bin hanyar Samaru a kan mashin ya san yadda iska ke canzawa in ya shiga inda bishiyoyin suke.

Wani zai ce to ai sai a sa esi, wato na'urar sanyaya ɗaki. Da wace wutar? Wanda ke layin da ake kira Band A a Afrilun 2024 kuɗin yunit ya tashi daga wajen naira 68 zuwa 225 a lokaci guda, wanda ba ya layin kuma sai ya wuni ya kwana bai ga ƙyallinta ba. Fetur bayan an cire tallafi a Mayun 2023 ya yi ta hawa har lita ta haura naira dubu a ƙarshen 2024, wa zai kwana da janareta? Ƙaramar esi tana jan wat 750 zuwa dubu, fankar sama 60 zuwa 75, fankar sola mai batir ba ta wuce 15 zuwa 30. Ko mai halin sa esi ɗin, in rufinsa baƙi ne a toshe, kuɗinsa yake ƙonawa yana kokawa da kwanon kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawarar da take bayarwa ita ce a sa esi a maki 27 a kunna fanka tare, ba a murɗe ta zuwa 16 a lulluɓa da bargo ba.

To ga mai gidan kansa, abu na farko da zan ce ya yi, kuma shi ya fi araha, a fasa ƙofofin iska a saman bango gefe biyu masu kallon juna a ƙarƙashin kwano, a sa raga. Aikin birkila ne na wuni ɗaya. In ɗakin ba silin a yi ƙoƙari a sa ko na kwali ne, don kwano tsirara a kan mutum azaba ce. Sai fenti. A wanke kwanon a shafa mishi fari, ko farar ƙasa ce ta wadatar duk da ruwan damina zai wanke ta sai an sake. Wannan ba tatsuniya ba ce, a birnin Ahmedabad na Indiya bayan zafin 2010 ya kashe mutum sama da 1,300, hukumar birnin ta fito da tsarin yaƙi da zafi a 2013, daga baya suka shiga shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti, kuma an auna an ga ɗaki na sauka da maki 2 zuwa 5. Maki uku a takarda kamar ba komai, amma a jikin jariri da tsohuwa shi ne bambancin barci da kwanan zaune. Sai dai don Allah kar a tura yara kan kwano, a samu wanda ya san aikin, a hau da sassafe, a taka kan layin ƙusa inda katako yake, tsohon kwano yana burmawa. Mai sabon gini kuma tun kafin a buga kwano akwai takardar alminiyam mai ƙyalli da ake shimfiɗawa a ƙarƙashi, kuɗinta bai kai na ƙofar ƙarfe ɗaya ta ado ba, amma sai ka ga an yi ƙofar an bar takardar. Masu cusa kwali da tsumma cikin silin kuma su yi hattara da wayar wuta, gobara ba ta sallama.

Bangon yamma shi ne abokin gaba na biyu. Daga azahar zuwa magariba rana a kansa take, ɗakin da ke wannan ɓangaren shi ne wanda za ka jingina da bango da dare ka ji kamar an kunna wuta a ciki. A kafa mishi rumfa ko ta kara ko ta zana, ko a rataya asabari a wajen tagar. A waje fa, ba a ciki ba, don labule na ciki rana ta riga ta ratsa gilashi kafin ta same shi.

Masu haya su ne abin tausayi don ba su da ikon fasa bango, amma akwai abin yi. Kuskuren da na fi gani shi ne buɗe taga da ƙofa wangale da tsakar rana wai a sha iska, alhali iskar waje a lokacin ta fi ta ɗaki zafi. A buɗe komai tun asuba sanyin safiya ya shiga, wajen ƙarfe tara ko goma a rufe ɓangaren da rana ke duka a saki labule, sai bayan magariba a sake buɗewa, in akwai fankar tsaye a ajiye ta bakin taga ta jawo iskar waje ko ta tura ta ɗaki waje maimakon ta yi ta juya zafi ɗaya. A jiƙa buhun algarara ko tsohon zani a rataya a taga, iska in ta ratso ta cikinsa da sanyinta take shigowa, wannan yana aiki sosai a Maris da farkon Afrilu lokacin da iska ke bushe, amma in hadari ya fara haɗuwa gari ya ɗau gumi amfaninsa na raguwa, a lokacin motsin iska kawai ke taimako. Yayyafa ruwa a tsakar gida da yamma shi ma haka, ko ruwan ɗaurayar wanki ne tunda ruwan ma saye ake yi wurin 'yan garuwa. A cire tsohon ƙwan fitila mai zafi a sa na zamani mai wat 9, a fitar da risho da gawayi waje, firji ma zafi yake fitarwa ta baya bai kamata ya kwana ɗaki ɗaya da mutane a ƙuntace ba. Katifar soso da aka bar ledarta a jiki don kar ta yi datti, wallahi ita kaɗai ta isa ta fito wa yaro da ƙurajen zafi, a sauko tabarma a ɗaura gidan sauro. Randa kuma kar a raina ta, a ajiye a inuwa kan jiƙaƙƙen yashi. Wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, da tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani ya ci lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, don tumatir da alayyahu na kwanaki a ciki ba su lalace ba, ba wuta ba batir.

Akwai wata magana da nake so maza 'yan uwana su ji da kyau. Mu da safe muke fita, in zafi ya yi mu koma gindin bishiya ko rumfar kasuwa ko masallaci. Wa ke wuni a ƙarƙashin kwanon? Mata, da jarirai, da tsofaffi, da marasa lafiya. Ita ce ke girki a kicin ɗin da aka yi shi kamu shida ba taga, da goyo a baya, wani lokacin da azumi a baki, ka tuna azumin 2024 da na 2025 duk a cikin Maris suka kama. Shi kuma wanda ya zaɓi launin kwanon da girman tagar ba ya gidan a lokacin. Da ana tambayar mata kafin a yi rufi da ba a sa baƙin kwano ko ɗaya a garin nan ba. Kuma zafi yana kisa, ba wai gajiya kawai ba. A farkon Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya kai maki 48.5, asibitin Gabriel Toure na Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu, da yawansu tsofaffi. In ka ga tsoho ya rikice yana magana ba kan gado, jikinsa zafi rau, ko yaro ya yi laushi ya daina fitsari, a kai shi inuwa a jiƙa mishi jiki a yi ta fifita a nufi asibiti, ba a tsaya ana cewa iska ce ba. Ruwan gishiri da sukari kowa ya iya, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ga sanƙarau da lokacinsa ke nan, cunkoso a ɗaki marar iska shi yake so, waɗanda suka yi wayo a 1996 ba su manta ba, mutum sama da dubu 11 suka tafi a ƙasar nan, yawanci a Arewa. Janareta kuma don girman Allah kar a kunna shi a cikin ɗaki ko lungu ko bakin taga don tsoron ɓarawo, hayaƙinsa ba ya wari yadda za ka farka, gida guda yake ɗaukewa a barci.

Ina kira ga 'yan uwana kafintoci da birkiloli, mu dinga faɗa wa masu gida gaskiya tun a wajen lissafin kaya, ko ba za su ɗauka ba mun fita haƙƙi. Masu gina gidajen haya ku ji tsoron Allah, taga ta biyu a bayan ɗaki ba za ta talauta ku ba, kuna karɓar kuɗin shekara cif. Masu duba taswirar gini kafin a ba da izini, a dinga duba iska da tazarar da ke tsakanin gida da gida kamar yadda ake duba sauran takardu. Jami'ar Ahmadu Bello tana nan tun 1962 da sashen zanen gine-gine, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ina roƙonsu su shirya mana bita da Hausa, mu masu guduma da cokalin gini, don mu ne ke gina yawancin gidajen garin nan ba injiniyoyi ba, su kuma nuna mana aikin bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, wanda ya fi na siminti riƙe sanyi. Limamai da masu unguwanni ku sa baki a maganar sare bishiya, kowane sabon fegi a Dakace ko hanyar Jos ko bayan Kwangila bishiya ake fara kayarwa.

Dashe kuma ba yanzu ake yi ba, sai ruwa ya zauna a Yuni zuwa Yuli, amma yanzu ake shiri. A tona rami a yamma da ɗaki, a ja shi nesa da harsashi da masai kamar taku biyar ko shida saboda saiwa, a zuba taki ya huce. Dogon yaro yana saurin tashi ba ya son ruwa da yawa, mangwaro ga inuwa ga 'ya'ya, wanda filinsa ƙarami ne ko gwaiba ko zogale ya sa. A zagaye da ƙaya ko tsohon bulo saboda awaki, don yawancin dashen da ke mutuwa a garin nan akuya ce ke cinye shi a rani na farko. Wanda ya riga ya malale tsakar gidansa, fasa wuri ɗaya mai faɗin taya ya isa.

Daga ƙarshe Malam Edita ina roƙon ku turo wakilinku da ma'aunin zafi, ya shiga tsohon soro a cikin birni ƙarfe uku na rana ya auna, ya shiga ciki da falo mai baƙin kwano a sabuwar unguwa ya auna, ya koma duka biyun ƙarfe goma na dare, ku buga lambobin mutane su gani da idonsu. In yana buƙatar wanda zai riƙe mishi tsani ya leƙa cikin silin, ina nan.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka, ya kawo mana damina lafiya.

Naku,
Wani kafinta mai rufin gida,
Tudun Wada, Zariya.